Godiya ga waɗanda suka riƙe ni har ƙuguna ya tsaya

Alhamdulillahi. Jiya likitar gashin ƙashi ta sallame ni bayan wata 7 ina zarya wurinta, kuma da ƙafata na fito, ba sanda.

Waɗanda suka gan ni a bara sun san halin da nake ciki. In na taka ƙafar dama sai in ji kamar ƙashin cinyar zai zame daga mazauninsa, ga wani ƙas da yake yi, ga zogi a matsematsi. Hoton da aka ɗauka ya nuna ramin da kan ƙashin cinya ke zama a ciki bai yi zurfin da ya kamata ba, guringuntsin da ya kewaye bakinsa kuma ya ɗan yage. Likitan ƙashi ya ce a fara gwada atisaye kafin a yi maganar tiyata. Allah Ya saka masa da alheri da bai yi gaggawa ba.

Likita, ke ce kan gaba a wannan godiya. Ranar farko kika tsayar da ni a kan ƙafa ɗaya, kika nuna mini a madubi yadda ɗaya ɓangaren ƙugun yake faɗuwa saboda tsokar gefen ɗuwawu ta yi rauni. A ranar kika hana ni miƙar da nake ta yi wa ƙafar da sunan neman sauƙi. Kika ce gaɓar da ta yi sako-sako ƙarfi take nema, ja kuwa ƙara mata sakewa yake yi. Daga nan muka fara a kwance: in ɗaga ƙugu daga shimfiɗa, in kwanta ta gefe in buɗe gwiwa. Sai aka ɗaura mini roba a gwiwoyi ina tafiya a kaikaice, har muka kai ga tsayuwa a ƙafa ɗaya ido a rufe. Sandar ma ke kika gyara mini riƙonta, ashe a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta, ba gefen ciwon ba. A wata na 3 na yi kuka a gabanki na ce ba na ganin canji, ba ki yi mini faɗa ba, kika rage nauyin aikin muka ci gaba.

Maigida, kai ne mai ƙirga mini kowane ɗagawa da safe, kai ne mai sa mini matashi tsakanin gwiwoyi in zan kwanta. Mama, addu'arki ba ta yanke ba. Ƙanwata da ta ɗauke mini hidimar yara, da abokan aiki da suka rufa mini asiri ranakun da na kasa fita, Allah Ya biya ku da mafificin alheri.

Ramin ƙashin yana nan yadda aka halicce shi, atisaye ba ya ƙara masa zurfi, don haka zan ci gaba da yi sau 3 a mako kamar yadda aka umarce ni. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, tare da waɗanda na baro suna kan jinya.