Ceto a wurin Katolika da Mormon: abin da nazari ya nuna

Wanda ya shiga nazarin akidar ceto a Kiristanci, tambayar da ake fara miƙa masa ita ce: bangaskiya ce ke ceto ko ayyuka? Wannan tambaya ta Furotesta ce tun zamanin Martin Luther, kuma ba ta auna Katolika da Mormon (mabiya cocin da Joseph Smith ya kafa a Amurka) daidai. Dukansu sun yarda ceto na zuwa ta alherin Allah da mutuwar Yesu, amma a wurinsu alherin yana iso wa mutum ta ruwa, da ɗora hannu, da lafazi ƙayyadadde. Don haka abin dubawa shi ne yadda ake yin ibadar, da wa ke da ikon yin ta.

A baftisma ake fara ganin bambancin. Katolika suna yi wa jariri, a zuba masa ruwa a ka sau uku da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Idan rai na hannun Allah kowa na iya yi, ko da ba fada ba ne, wato limamin cocin Katolika. Lafazin ne ba a wasa da shi. A 2020 fadar Vatican ta yanke cewa faɗin "muna yi maka baftisma" maimakon "ina yi maka" yana ɓata ta, kuma a 2022 aka bayyana cewa wani fada a Phoenix ta Amurka ya shafe shekaru yana faɗin "muna", sai da aka nemi mutanen su sake. Mormon kuwa sai yaro ya kai shekara 8, a nutsar da shi gaba ɗaya a gaban shaidu biyu. Ko gashi ko gefen riga ya fito saman ruwa, a maimaita. Mai yi kuma dole ya riƙe matsayin firist na cocinsu. Lafazin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne, amma a 2001 Vatican ta ce baftismar Mormon ba ta inganta ba, domin su suna ɗaukar Uba da Ɗa da Ruhu a matsayin uku masu zaman kansu.

Wajen ayyuka, Majalisar Trent, babban taron shugabannin Katolika, ta faɗa a 1547 cewa ba wanda ke cancantar alherin farko da aikinsa, sai dai bayan ya samu yana iya ƙaruwa a ciki ko ya rasa shi. Zunubi mai kisa, wato mai kashe alheri a ran mutum, ne ke sa a rasa shi, da sharuɗɗa uku: laifin ya zama babba, mutum ya san haka, ya kuma aikata da ganganci. Gyaransa furta zunubi ga fada, aƙalla sau ɗaya a shekara.

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe da Mormon, domin ceto hawa-hawa ne a wurinsu. Tashi daga matattu kyauta ne ga kowa, kuma kusan kowa zai shiga ɗaya daga masarautun ɗaukaka uku. Matakin ƙoli ne ke buƙatar ibadun haikali, wato gidan ibadarsu na musamman, har da ɗaura aure na har abada. Shiga haikali sai da takardar izini mai aiki shekara 2, bayan an yi wa mutum tambayoyi kan ushiri, wato kashi 10 na abin da yake samu, da tsare kai daga zina, da barin giya, taba, kofi da shayi.

Matattu ma ba a bar su ba. Katolika suna yi wa mamaci addu'a da Mas, babbar ibadarsu, don a sauƙaƙa masa tsarkakewa a Furgatori, inda ake wanke rai kafin ya shiga Aljanna, amma hukuncinsa ya riga ya tabbata a ranar mutuwa. Mormon tun 1840 a garin Nauvoo na Amurka suke yin baftisma a madadin mamaci, suna kafa hujja da 1 Korintiyawa 15:29, mamacin kuma yana da zaɓin karɓa ko ƙi. Shi ya sa suke tattara tarihin zuri'a a shafinsu na FamilySearch, shi ya sa kuma a 2008 Vatican ta umarci bishop-bishop su daina ba su rajistar baftisma ta majami'u.