Yadda Na Koyi Sauraron Majinyata a Arewacin Ingila

Kafin a yi mini rajistar aikin jinya a Birtaniya, sai da na ci jarrabawar OET, wadda ake auna Turancin ma'aikatan lafiya da ita ta fuskar sauraro da magana da karatu da rubutu. Amma Turancin da tsofaffin yankin Yokshaya ke faɗin ciwonsu da shi, a bakin gadonsu na koye shi, domin ba kasafai suke kiran ciwo da sunansa ba.

Wasu maganganun ba su da wuyar ganewa. Wanda ya ce yana "under the weather" ko "off colour", jikinsa ne ba daɗi, babu ruwan hadari ko launi a zancen. "Coming down with something" kuwa na wanda ke jin mura ko zazzaɓi na shirin kayar da shi ne.

Inda aikin yake shi ne kalmomin da muka taso da su a Najeriya da wata ma'ana dabam. A wurinmu "sick" rashin lafiya ne kowane iri, amma idan Baturen Ingila ya ce "I feel sick", tashin zuciya yake nufi, kuma abin da ya kamata shi ne a miƙa masa kwanon amai tun kafin a shiga yi masa tambayoyi. In ya ce "I've been sick", to ya riga ya amayar.

Wadda ta fi sa ni natsuwa ita ce "funny turn". Wata dattijuwa ta taɓa faɗa mini ita tana murmushi, tana juya cokali a kofin shayinta, kamar mai ba da labarin kasuwa. Maganar tana iya nufin jiri, tana iya nufin suma, tana kuma iya zama ƙaramar shanyewar ɓarin jiki wadda ke zuwa ta wuce cikin 'yan mintoci, alhali gargaɗi ce cewa babbar na iya biyo baya. Da na zauna na tambaye ta daki-daki, sai ta ce hannunta na dama ne ya mutu har cokali ya suɓuce, harshenta kuma ya yi nauyi. Nan take na auna hawan jininta da sukarinta, na kira likita.

Haka "poorly" take: da ita ake faɗin murar yaro, amma idan likita ya sassauta murya ya gaya wa dangi cewa mahaifinsu yana "very poorly", sau da yawa rai ne a hannun Allah. Saboda haka nakan koma wurin dangin bayan ya fita, in ji abin da suka fahimta.

A ganina, tarbiyyar gida ce ta fi taimaka mini da wannan hali nasu na rage wa ciwo nauyi, tunda mu ma majinyacin da ko zama ba ya iyawa, in an ce "ya jiki", "da sauƙi" zai amsa. Don haka "not too bad" da "mustn't grumble" a matsayin gaisuwa nake karɓarsu, sannan in nemi majinyaci ya auna mini zafin ciwon daga 0 zuwa 10, ina duban fuskarsa da yadda yake numfashi yayin da yake ba ni amsa.