Asabar: Kawu ya karɓi sitiyari

Yau hazo ya rufe Kano tun asuba, irin ranar da nake so ke nan. Bayan na karya kumallo na kunna kwamfuta, na buɗe Microsoft Flight Simulator, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama, na bar shi ya ɗauko yanayin gari na ainihi daga intanet. Na zaɓi Cessna 172, ƙaramin jirgin nan mai inji ɗaya da kujeru huɗu da makarantun tuƙi da yawa ke koyarwa da shi, na ajiye shi a kan titi na 06 a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Ina cikin bin jerin abubuwan da ake dubawa kafin tashi, sai ga Kawu ya yi sallama, ya zo duba Umma. A Zariya ya yi karatu, a kwalejin koyon tuƙin jiragen sama da aka kafa a 1964, ya kuma daɗe yana jan jirgin fasinja kafin ya yi ritaya. Duk sanda na kawo masa zancen nan sai ya ce wasan yara ne. Na miƙe na ce, "Kawu, bismillah, ga kujera."

Tashi dai lafiya lau. Ya zagaya filin, ya dawo zai sauka, jirgin ya bugi ƙasa ya yi tsalle, ya sake bugawa, sannan ya nufi ciyawa. Mutumin da ya sha sauke alhazai a Jidda! Da ƙyar na danne dariya.

"Ɗana, abin nan naka ba shi da jiki," in ji shi. Ya ce a jirgin gaske, kafin ido ya gaya maka jirgi na nutsewa, mazauninka ya riga ya ji a kujera. Gefen ido na auna tazarar ƙasa, kunne na jin ƙarar iska, sitiyari kuma nauyinsa na canzawa: in gudu ya ragu sai ya yi laushi a hannu. Nawa sitiyarin na kwamfuta kuwa sifirin ne kawai a ciki, nauyinsa ɗaya ko ana gudu ko ana tsaye. Ga shi ba ni da fedar ƙafa, alhali da ƙafa ake miƙar da hancin jirgi a kan titi.

Sai ya ce in mayar da shi sama, ƙafa 4,500, in ƙara masa hazo har ƙasa ta ɓace. A nan ne wasa ya ƙare. Ya gyara zama, ya daina magana, idonsa na yawo tsakanin agogon da ke nuna karkatar jirgi, da na tsayi, da na gudu, da na alkibla, ba ya daɗewa a kan ko ɗaya. Allurar tsayi ko motsi ba ta yi ba. Da ya gama ya ce wannan kam aikin gaske ne. Cikin hazo ko gajimare jikin da yake yabo ɗazu shi ne babban maƙaryaci: ruwan cikin kunne kan gaya wa matuƙi yana tafiya a miƙe, alhali jirgi ya karkata yana gangarowa. Dole ka ƙaryata jikinka ka gaskata agogo, kuma gara ka koyi haka a ƙasa.

Dama don wannan aka fara ƙera na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi. Edwin Link, wani Ba'amurke, ya haɗa tasa a 1929 da zugazugin da ake sa wa kayan kiɗa a masana'antar mahaifinsa. Sojan sama na Amurka ba su waiwaye shi ba sai a 1934, bayan matuƙansu sun yi ta faɗuwa wajen jigilar wasiƙu cikin mummunan yanayi. Kawu ya ce su ma duk wata shida sai an sa su cikin babbar na'ura mai motsi, a kashe musu inji ana tsakiyar tashi, a ga abin da za su yi.

Ya ja min kunne a kan abu biyu. Awannin da nake ci a ɗaki ba sa shiga littafin da matuƙi ke rubuta awannin tuƙinsa, ko sun kai dubu. Sannan 'yan kwamfuta in sun je makaranta ba sa ɗaga kai su dubi waje, har sai malami ya rufe musu agoguna da takarda. Ni dai a ganina wannan gyara ne mai sauƙi, idan aka kwatanta da wanda zai fara daga tambayar wane agogo ne na mene.

Umma ta aiko a ce tuwo na hucewa. Da zai tafi bayan la'asar, Kawu ya tambayi kuɗin feda, ya kuma ce in zo ranar Talata in sa masa manhajar a kwamfutarsa. Wai saboda jikoki.