Maganin wankin nozul da tsohuwar Corollata

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, kuma agogonta ya haura mil 200,000, wato sama da kilomita 320,000. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai ni Abuja kusan duk wata. A hunturun bara ta soma wani hali: in na tayar da ita da asuba cikin sanyin nan na Jos, sai ta riƙa kakkarwa a silo kamar za ta mutu. In na taso daga Abuja kuwa, da na iso Hawan Kibo sai na taka totur har ƙasa tana nishi. Ga shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 lita ɗaya ba abin wasa ba ce.

A wani gidan mai yaro ya miƙo min wata 'yar kwalba, ya ce, “Alhaji, zuba wannan, zai wanke maka inji tas.” Na saya na zuba, na ƙone tanki guda, ban ga wani sauyi ba. Jikin kwalbar babu bayanin abin da ke ciki, warinta kuma warin kananzir ne.

Makanikena ne ya zaunar da ni. Ya ce injina yana da nozul huɗu, kowanne yana fesa fetur ta ƙananan ramuka kamar feshin turare. Duk sanda aka kashe mota, zafin inji yana gasa ɗan man da ya rage a bakin nozul har ya zama danƙo. Shekara da shekaru sai ramukan su tsuke, feshi ya koma ɗiga. Irin wannan danƙon ne magani ke iya narkarwa, musamman mai sinadarin wanki da ake kira PEA, irin wanda ke cikin Techron na kamfanin Chevron. Na sha yawo a Dilimi kafin na sami kwalbar da aka rubuta PEA a jikinta kuma murfinta bai taɓu ba. Na zuba lokacin da tanki ya kusa ƙarewa, na cika shi da lita wajen 45, na kama hanyar Abuja don maganin ya yi aiki da zafin inji.

Gaskiya na ga bambanci, amma kaɗan. Kakkarwar asuba ta ragu sosai. Hawan Kibo kuwa yana nan yadda yake.

Sai da muka jona mata kwamfuta gaskiya ta fito: silinda ta uku tana ƙin kamawa lokaci-lokaci. Da aka kwance, fulogi sun cinye, roba ɗaya ta nozul ta tsage. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na'urar auna iska da ke bayan filta. Ƙurar hunturu ta lulluɓe ta, tana ba kwakwalwar mota lissafin ƙarya. Makanike ya ce, “Yallabai, wannan a hanyar iska take, fetur ba ya bi ta nan. Ko kwalba goma ka zuba ba za ta taɓa ta ba.” Haka ma, in ji shi, sababbin injinan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda: magani ba ya wanke bayan bawul ɗinsu, don mai ba ya ratsawa ta wurin.

Aka sauya fulogi da robobi, aka wanke na'urar, aka ɗora nozul ɗin a injin wanki ina kallon feshinsu ɗaya bayan ɗaya. A satin motar ta haye Hawan Kibo ba tare da na matsa mata ba.

Ban daina sayen maganin ba, domin tsohuwar mota da ke yawan gajeriyar tafiya tsakanin Rikkos da Terminus a cikin Jos tana tara danƙo da wuri. Ina zuba kwalba ɗaya ana saura tanki guda in yi juyen baƙin mai, saboda wani abu daga cikin maganin kan gangara cikin man inji. Amma ranar da fitilar inji ta kama ko mota ta soma fizga, wurin mai kwamfuta nake fara zuwa, kafin in kashe ko sisi a kan kwalba.