Kujerar direban T-34

Yau da la'asar na gama kujerar direba a cikin 'yar ƙaramar kwaikwayon tankar yaƙin Sobiyet T-34 da nake haɗawa, mai sikelin 1/35 (wato ta gasken ta ninka ta sau 35 a tsawo). Da guntun roba na yanko ta, sandunan tuƙi biyu kuma da wayar tagulla ta tsohuwar caja. Da na ɗora murfin, sai na haska fitilar waya ta ƙofar direba na leƙa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Akwatunan harsashi shimfiɗe a ƙasa, mai ɗura bindiga a kansu yake tsayawa, mutum huɗu cikin wannan ƙunci. Haka samarin Sobiyet suka shiga yaƙin Kursk, a ƙasar Rasha, a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

In na manne murfin gobe, rabin aikin nan ba mai sake ganinsa. Ni dai tun ɗazu tunanin yaron da ya zauna kan kujerar nake yi.