Kafin ku ce majiyyaci bai bi ƙa'idar magani ba

Ga ƙannena masu shiga aikin ido a Kano, ko jinya kuka karanta, ko harhaɗa magunguna, ko kuma tattara bayanan bincike aka ɗauke ku yi, ina so ku san girman abin da ke hannunku. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya duba idanun mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya kuma gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne. Yanar ido ce ta fi makantar da su, sai gilakoma, wadda mutanenmu ke kira hawan jinin ido, da ta ɗauki kusan kashi 17 na makantar. Ita yanar ido ana cire ta da tiyata gani ya dawo, amma abin da gilakoma ta cinye na jijiyar gani ya tafi ke nan. Abin da ya rage shi ne a sauko da matsin ido, wanda a mai lafiya yake tsakanin 10 da 21 a ma'auni, kuma galibi da maganin ɗigawa ake yin haka har ƙarshen rayuwa.

A shekarun farko na aikina na ɗauki wata ɗabi'a daga na gaba da ni ba tare da na auna ta ba. Idan aka ba mutum timolol, maganin ɗigawa mai sauko da matsin ido, ya dawo matsin idonsa bai sauka ba, sai in rubuta a katinsa cewa ba ya bin ƙa'idar magani. Haka na yi wa wani dattijo mai sayar da yadi a Kantin Kwari, har na ce masa a gaban mutane, "Baba, da kana ɗigawa yadda aka ce, da ba mu ga wannan lamba ba." Bai yi mini gardama ba. Hannu ya sa a aljihun babbar rigarsa ya fito da leda mai ɗauke da kwalaben da ya ƙarar, ya jera su a kan tebur, ya ce, "Ɗana, bayan asuba da bayan magariba nake sawa, kuma jikata ce take ɗiga mini don kada hannuna ya kuskure." Da likita ya sauya masa magani sai matsin ya sauka. Watannin da aka ɓata kafin nan sun tafi da wani sashe na ganinsa, kuma rubutuna na cikin abin da ya jinkirta sauyin, domin duk wanda ya buɗe katin sai ya ɗauka cewa nasiha dattijon yake bukata. Ɓarnar ba ta tsaya a kansa ba, tun da irin waɗannan katuna ne ɗalibai da likitoci ke ɗebowa daga baya su ƙirga, su ce magani kaza yana aiki a kan mutum kaza. Duk katin da na yi wa wannan rubutu bisa zato ya shiga lissafin wani a matsayin gaskiya.

Ilimi ya riga ya nuna cewa jikin mutane ba ya karɓar timolol iri ɗaya. Sinadarin melanin da ke sa ƙwayar idonmu duhu yana riƙe wani kaso na maganin, ya hana shi isa inda zai yi aiki nan take. Akwai kuma wani sinadari a hanta mai suna CYP2D6 da ke narkar da shi, kuma ƙarfinsa gado ne, don haka wanda nasa ke da rauni maganin yana daɗewa a jininsa har bugun zuciyarsa ya ragu. Kada ƙanƙantar ɗigon ya ruɗe ku, domin yana bin hanyar hawaye ya gangara hanci ya shiga jini, kuma yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa. A wani gwaji da aka yi a garin Moshi na Tanzaniya, wanda aka buga sakamakonsa a 2021, an kwatanta timolol da aikin leza, wato haska wa ido wani haske na musamman don sauko da matsinsa, a kan masu gilakoma, kuma bayan shekara ɗaya kashi 31 cikin ɗari na idanun da ke kan timolol ne kawai suka kai matakin da ake nema, a yayin da na leza suka kai kashi 61. Wannan sakamako ya isa ya sa kowa ya yi hattara kafin ya tuhumi majiyyaci.

Kuskurena na biyu a gida na yi shi. Ɗan yayata yana fama da ƙaiƙayin idon nan da ke damun yara a garinmu, wanda ke mayar da farin ido ruwan ƙasa, sai na ce mata ta sayi maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroid a kemis. Ƙaiƙayin ya kwanta cikin kwanaki, ita kuwa ta ci gaba da saye duk lokacin da ya motsa, ni ma ban ce a auna matsin idonsa ba. Tun a shekarun 1960 masu bincike biyu a Amurka, Armaly da Becker, suka nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku matsin idonsa yana hawa idan ya yi makonni yana ɗiga sitiroid, kuma kusan kashi 5 cikin ɗari nasu yana hawa ƙwarai. Yara sun fi manya saurin kamuwa da wannan. Ba a gane mai irin wannan jiki da kallo, sai an auna. Yaron nan yana cikinsu, kuma Allah ne ya sa aka auna shi kafin jijiyar ta lalace. Kada ku ba kowa wannan magani, ko da ɗan cikinku ne, sai da umarnin likita da ranar dawowa awo.

Ban ce babu masu tsallake magani ba. Suna nan da yawa, amma kowane yana da dalilinsa, kuma dalilin shi ne abin rubutawa. Ku miƙa wa mutum kwalba ku ce ya ɗiga a gabanku, za ku ga wanda ɗigon ke sauka a kumatunsa, da wanda ke zuba magani biyu a jere na biyun ya wanke na farko, alhali ana so a bar minti biyar a tsakani. Ku koya masa ya rufe ido ya danna gefen da ke kusa da hanci na minti ɗaya ko biyu. Ku tambayi inda yake ajiye kwalbar, domin a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma akwai magungunan da firij suke bukata kafin a buɗe su, ga wutar lantarki yadda kuka san ta. Ku tambayi inda ya saya, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Idan azumi ya gabato ku ɗauko maganar da kanku, domin wasu suna daina ɗigawa da rana ba su faɗa ba, alhali akwai maganin da sau ɗaya ake sa shi da dare, sauran kuma likita zai iya daidaita lokutansu. Maganar kuɗi kuwa a keɓe ake yin ta, domin magidanci ba zai ce a gaban layi ba shi da kuɗin kwalba ba.

Bayanan da kuke tarawa suna da muhimmanci fiye da yadda ake nuna muku, saboda mafi yawan binciken ƙwayoyin gado da aka yi a duniya a kan Turawa aka yi shi, alhali gilakoma ta fi kama baƙar fata, ta fi kama su da wuri, ta kuma fi makantar da su. Sai a 2019 aka buga wani babban bincike da ya danganta ƙwayar gado mai suna APBB2 da gilakoma a cikin mutane masu asalin Afirka. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai mutane sun yarda sun ba da jini da lokacinsu, kuma a Kano yarda tana da tarihi. Ba a manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi gwajin maganin Trovan wanda ya ƙunshi yara kusan 200, aka kuma shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi izinin iyayensu yadda ya kamata. Saboda haka idan aka ba ku takardar neman amincewa, ku karanta wa Hajiya ko Malam ita da Hausar da za su gane, ku gaya musu abin da za a ɗiba da inda za a kai shi, ku kuma tabbatar musu cewa wanda ya ƙi shiga za a ci gaba da duba shi kamar kowa. Wanda ya ce sai ya shawarci mai gida ko 'ya'yansa, ku ba shi ranar da zai dawo da amsa.