Daga Nyanya zuwa Jos, da hirar bindiga a Hawan Kibo

Tun bakwai na safe nake tashar Nyanya amma sai wajen tara motar ta cika, ga cunkoson Mararaba ya sake cinye mana kusan awa daya. Allah ya hada ni kujera daya da wani dattijo mai sanda, bai ce uffan ba har muka wuce Keffi, ko a Akwanga da muka tsaya cin abinci goro kawai ya balla.

Sai a Hawan Kibo bakinsa ya bude. Motarmu ta yi zafi direba ya faka kusa da shingen sojoji yana dura mata ruwa, ga wani yaron soja tsaye da AK-47 an daure gidan harsashinta da salatif, katakon ya sha hannu har yana sheki. Dattijon ya nuna da baki yace "dan nan, kirar wannan ta girmi uban mai rike da ita." Ashe tsohon soja ne, wajen dansa za shi a Rukuba.

Nace Baba ya akai ta cika duniya haka? Yace gasa ta ci ai. Wai bayan yakin duniya na biyu sojan Rasha suka tara makera kowa ya kawo samfurinsa, cikinsu akwai Bulkin akwai kuma Kalashnikov wanda saje ne kawai a tankar yaki, shi ma sai da ya ji rauni a 1941 ya shiga harkar. A 1947 aka yi ta wahalar da bindigogin nan, a turmusa su a yashi da tabo a dauko a harba, shi Kalashnikov ya bar dan sarari tsakanin karafan cikin tashi shi ya sa datti ba ya shake ta, 1949 aka karbe ta. Yana fada yana murza yatsu kamar yashin na hannunsa.

Su bindigar FN kirar Beljiyam suka rike a zamaninsu, doguwa ga nauyi. Yace ita ma ta shiga gasar Amurka amma a 1957 suka dauki tasu M14, a ganinsa son kai ne kawai, ni dai ban yi musu ba tunda shi ya dauki abin a kafada.

Na dan nuna nima na sani, nace ai ko a 2022 Amurka ta sake irin wannan, kamfanin SIG Sauer ya kayar da General Dynamics da Textron ya samu kwangilar maye gurbin bindigar sojansu M4 da wata sabuwa mai harsashin milimita 6.8, har akwai wanda ya kawo harsashi mai kwanson roba. Tambaya daya ya min, ta fi tsohuwar nauyi? Nace ta fi. Yayi dariya har da tari, yace wanda ya sa hannu a takarda ba shi zai hau dutse da ita ba. Ya dan tabo DICON, masana'antar kera makamai ta Kaduna da aka kafa 1964, da bindigarsu OBJ-006 mai kirar AK, sai direba ya kwala kira.

Muna wuce Riyom sanyi ya fara dukan gilas, ni da na taho da 'yar shara ko rigar sanyi babu. Muna shiga gari ya sauka neman Keke, ya miko min rabin goronsa ta taga.